Ƙarfin aro: abin da danshi ke yi wa yashi kafin rami ya rufta

A watan Afrilu na 2024 ƙasa ta zaftaro kan wasu almajirai da ke haƙa a gindin dutsen Dukku, ta wajen Badariya a Birnin Kebbi, yara da dama suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Abin da ya tsaya mini a rai tun daga ranar shi ne lokacin da abin ya faru: tsakiyar bazara, ƙasa ta bushe ƙayau, ana jiran ruwan shuka. A watan Satumba na 2025 kuma ramin zinare ya rufta da mahaƙa a Kadauri, cikin ƙaramar hukumar Maru ta Zamfara, wannan karon a ƙarshen damina, bayan ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi. In ka tsaya wurin masu ɗibar yashi a bakin gulbi ka tambaye su wace ƙasa ce ta fi haɗari, wani zai ce maka mai laima, wani ya ce busasshiya, kuma kowannensu ya taɓa ganin abin da ya sa ya faɗi haka. Dukansu suna da gaskiya. Ruwa yana ba yashi ƙarfi, shi ne kuma ke karɓe shi, kuma ta hanya biyu yake karɓewa: in ya gudu gaba ɗaya, ko in ya yi yawa.

Mu fara daga masussuka. Juye buhun gero a ƙasa, zai yi tsibi. Ƙara wani buhun a kai, tsibin ya ƙara tsawo, gindinsa ya ƙara faɗi, amma gangarensa yana nan yadda yake. Ko ka sa hannu ka tattaro shi sama, da ka ɗauke hannun zai sulalo ya koma inda yake so. Busasshen yashi ma haka ne. Gangaren da yake yarda ya tsaya a kai yana tsakanin digiri 30 zuwa 35, wato in tsibin ya tashi mita 1, sai gindinsa ya bazu kamar mita 1 da rabi ta kowane gefe. A riƙe wannan awon, domin duk maganar da ke tafe a kansa take komawa.

Ƙwayoyin yashi ba su manne da juna ba. Abin da ke hana su gocewa shi ne gogayya, da saƙalewar wannan ƙwaya a bayan waccan, ita kuwa gogayya ba ta samuwa sai da matsi. Dubi tsintsiya. In maɗaurinta ya yi tsauri, da ƙyar za ka zare tsinke ɗaya. Sassauta shi, tsinkayen su zube da kansu. Su tsinkayen suna nan yadda suke, matsin ne ya ragu. A cikin ƙasa, nauyin abin da ke sama shi ne maɗaurin, shi ya sa kake iya cusa yatsa a bakin buhun gero amma ka kasa tura hannu zuwa gindinsa. Wani injiniyan sojan Faransa, Charles Coulomb, ya zayyana wannan da lissafi a 1773, yana nazarin bangon da ke tare ƙasa. Ya raba ƙarfin ƙasa gida biyu: danƙo, irin na yumɓu da laka, wanda ke nan ko ba a danna ba, da kuma gogayya, wadda ke ƙaruwa gwargwadon dannawa. Yashi da rairayi da tsakuwa ba su da kason farko ko kaɗan. Da gogayya kaɗai suke rayuwa.

To amma kowa ya ga yashi ya tsaya a miƙe. Duk wanda ya yi ƙuruciya a garuruwanmu ya taɓa tura ƙafa cikin rairayi bayan an ɗauke ruwa, ya lulluɓe ta, ya daddaɓe, ya zare ƙafar a hankali, ya bar ɗan ɗaki da ƙofarsa. Masu lodin tifa suna yanka gaɓa da shebur ta tsaya kamar bangon bulo, har ta fi mutum tsawo. Wannan ƙarfin daga danshi yake zuwa, kuma ɗan kaɗan ne ke yin aikin.

Saman ruwa yana da wata irin fata mai jan kanta. Ita ce ke ɗauke da ƙwarin nan da ke tafiya a kan ruwan kududdufi ba su nutse ba, irinta ce kuma ke jan kananzir ya hau lagwani ya kai ga wuta. In yashi yana da ɗan danshi, ruwan ba ya cika ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi, sai ya taru a daidai inda ƙwaya ta taɓa ƙwaya, ya yi ɗan zobe, sauran gurbin kuma iska ce. Fatar kowane zobe tana jan ƙwayoyin biyu zuwa ga juna. Zobe ɗaya ba komai ba ne, amma a cikin dunƙulen hannu ɗaya na rairayi akwai su da yawan da ba ya ƙirguwa, duk suna ja. Wato an ƙara wa tsintsiya maɗauri na biyu. Masu bincike a jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan sun auna wannan a 2012, suka ga ginin yashi ya fi ƙarfi ne in ruwan da ke cikinsa bai wuce kamar kashi 1 cikin 100 ba. Ɗan wannan ne ke mayar da abin da ke zuba kamar gero ya zama abin da ake yankawa kamar tuwo.

Akwai abu biyu game da wannan maɗaurin da nake ganin su ne suka fi cin rayuka, domin ba a ganin su da ido. Na farko, gwargwadon laushin yashi, gwargwadon ƙarfin jan. Tsakuwa ko an jiƙa ta ba ta tsayawa a miƙe, saboda haka ba ta yaudarar kowa. Mutum yana ganin ta yana ja da baya. Lallausan rairayi mai ɗan garin ƙasa a ciki shi ne ke yin bango mai kyau, santal, wanda mahaƙi zai jingina da shi ya sha fura. Na biyu, ƙarfin jan ba ya ƙaruwa da zurfi, nauyin da ke neman turo bangon kuwa yana ƙaruwa da kowane shebur da aka ƙara haƙawa. Bangon da ya tsaya daram a zurfin ƙugu yana riƙe ne da ɗan ƙaramin kaya. A mita 3 ko 4, danshin dai shi ne, kayan kuwa ya ninka sau da yawa. Akwai wani zurfi da in an kai shi ƙarfin ya ƙare, kuma babu alamar da aka rubuta a jikin bango cewa ga wurin. Maganar nan da ake yawan ji a bakin rami, "ai jiya ma mun shiga, ba abin da ya faru", gaskiya ce game da jiya. Ramin yau ya fi na jiya zurfi, danshinsa kuma ba na jiya ba ne.

Shi ya sa nake kiran sa ƙarfin aro. Kayan aro kuwa, an ce, ba ya rufe katara.

Hanyar farko da mai kaya ke zuwa karɓar kayansa ita ce rana da iska. Da an yanka gaɓa an buɗe fuskarta, hunturu ya busa ta, zafin bazara ya gasa ta, zobban ruwan nan su riƙa ƙafewa daga waje zuwa ciki. Sai ka ga yashi yana tsiyayowa daga jikin bango kamar gari daga rariya. Wannan tsiyayar sanarwa ce cewa bangon yana komawa busasshen yashi, busasshen yashi kuwa ba ya tsayawa sai a gangaren tsibin gero. A ƙasar Kebbi akwai abin da ke ƙara wa wannan muni. Tuddanmu masu shimfiɗaɗɗen kai, irin waɗanda ke kewaye da Birnin Kebbi da Gwandu, galibi suna sanye da hular marmara mai tauri, ƙarƙashinta kuma shimfiɗu ne na yashi da yumɓu, har masana duwatsu suka sa wa wannan jerin shimfiɗu sunan Gwandu. Mai neman ƙasar yaɓe ko ta cike ɗaki ba zai tsaya fama da marmara ba. Zai bi inda diga ke shiga da sauƙi, ya yi ta rarake ta ƙasa, ya bar ta sama kamar rumfa. Ga inuwa, ga sanyi, yaro ma zai fi son aiki a ciki. Ƙasa tana iya ɗaukar dannawa mai yawa, amma ba ta jure a ja ta ko a bar ta tana reto ba madogara. Rumfar tana tsagewa ta baya, can sama inda na cikin kogon ba ya gani, ranar da tsagar ta kai iyaka sai ta sauko gaba ɗaya, ba ta ba da lokacin gudu.

Hanya ta biyu ita ce ta damina, ita ce kuma mutane suka fi sani amma suka fi fahimta a karkace. Ana cewa ruwa yana sa yashi santsi, kamar an zuba mai. Ba haka abin yake ba. Zuba yashi a cikin bokitin ruwa a hankali, zai yi tsibi a gindin bokitin da gangare kusan daidai da na busasshe. Ƙwayoyin ba su yi sulɓi ba. Abin da ruwa mai yawa ke yi daban ne. Da farko yana cika guraben, iska ta fita, zobban nan su narke cikin ruwan da ya kewaye su, maɗauri na biyu ya tafi ke nan. Sannan yana ƙara nauyi. Kusan kashi 1 cikin 3 na yashi, ko fiye, gurbi ne kawai. Ɗauki yashi mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1: a bushe yana kai tan 1.6, nauyin buhun siminti 32. In ya ƙoshi da ruwa ya kusa tan 2, buhu 40. Waɗannan biyu ma sun isa su kayar da bango. Amma na ukun ne babba, shi ne wanda Karl Terzaghi, injiniya ɗan ƙasar Austiriya, ya fayyace a littafinsa na 1925, wanda ya zama tushen ilimin zamani na lissafa ƙarfin ƙasa kamar yadda ake yi wa ƙarfe ko kankare.

Duk wanda ya kalli masunta a Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu ya ga misalinsa. Mutum yana tsaye a tudu, nauyinsa duka yana kan ƙafafunsa, da wuya ka ture shi. Ya shiga ruwa har ƙirji, ya rungumi gora, ƙafarsa tana taɓa ƙasa amma ba ta kama ta ba, yaro ma zai iya jan sa. Ruwa ya ɗauke masa nauyi. Haka ruwan da ya cika guraben yashi yake yi wa ƙwayoyi: yana tura su ta kowane gefe, yana ɗauke wani kaso na nauyin da ke matse su. Terzaghi ya ce ƙarfin ƙasa yana bin matsin da ya rage ne tsakanin ƙwaya da ƙwaya bayan an cire wanda ruwa ya ɗauka. Daga tan 2 ɗin nan, ruwa yana ɗauke tan 1, saura 1 ke matse ƙwayoyi. An sassauta maɗaurin tsintsiya da rabi.

Mai lura zai ce, to me ya sa tsibin cikin bokiti bai baje ba? Domin a can ruwa yana ciki yana waje, ya rage matsin da ke riƙe yashin, ya kuma rage nauyin da ke jan sa ƙasa, sai abin ya yi daidai. Matsala tana zuwa ne in ruwa yana cikin gangare amma babu shi a gabansa. A nan nauyin da ke jan ƙasar ta zame cikakke ne, tan 2, matsin da ke riƙe ta kuwa na tan 1 ne. In an yi lissafin, gangaren da ke tsayawa a digiri 34 a bushe ba ya iya wuce kamar digiri 18 in ruwa ya cika shi yana tsatsowa ta jikinsa. Rabi ke nan. Gaɓar da ta shekara goma tana tsaye lafiya tana iya tafiya a dare ɗaya na marka ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Manoman fadama sun san wani abu da wannan ke fassarawa. Gaɓar gulbi ba ta cika faɗuwa lokacin da ruwa ya cika ya tumbatsa ba, sai in ya fara janyewa. Gulbin Rima da ya ratso ta Argungu da Birnin Kebbi, da na Zamfara da ya bi ta Jega, da Neja a wajen Yawuri inda tafkin Kainji ke hawa da sauka, duk haka suke. Yayin ambaliya, irin ta 2010 ko ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa, ruwa yana shiga cikin gaɓa ya cika ta, amma kuma yana tsaye a gabanta yana tokare ta. Da gulbi ya sauka, musamman in ya sauka da sauri, madogarar ta tafi, ruwan cikin gaɓa kuwa bai gama fita ba, yana turowa ta baya. Sai ka ga ƙasa tana yankewa faifai-faifai tana faɗawa, har da gefen gona. Lokacin nan ne kuma, farkon kaka, mata ke sauka wanki, yara ke wanka a ƙarƙashin gaɓa, masu yashi ke dawowa ɗiba. Irin wannan ne ya sa masu kula da madatsai irin Goronyo da Bakolori ke da ƙa'idar saurin da za a rage ruwa da shi, domin jikin madatsar ma ƙasa ne.

Shimfiɗun ƙasa suna da nasu aikin a nan. In yashi yana kan yumɓu, ruwan sama yana ratsa yashin da sauri, ya tarar da yumɓu ya hana shi wucewa, sai ya taru a kai ya nemi hanya a kwance. A jikin rami ko gaɓa za ka ga wani layi mai duhu yana naso, ko ɗan idon ruwa. A duba launin ruwan. In garau yake, ruwa ne kawai ke fita. In gurɓatacce ne, yana ɗauke da ƙwayoyin ƙasa, to yana haƙa rami ne a cikin bango, kamar gara a itace, kuma ramin yana ƙara faɗi. Da haka kwazazzabai da yawa ke cin bayan gidaje, ba ruwan da ke gudu a sama kaɗai ke yin su ba. Tsagar da rani ya bari a bakin gaɓa ita ma ƙofa ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwan farko kuwa yana cika tsagar ya tsaya a ciki yana tura bangon waje. Ruwa mai zurfin mita 1 yana danna gindinsa da nauyin tan 1 a kan kowane fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, ko da tsagar ba ta fi kaurin yatsa ba.

A ramukan zinare na Anka da Maru da Bukkuyum, dutse ake bi a can ƙasa, amma kafin a kai gare shi sai an ratsa ƙasa da ruɓaɓɓen dutse wanda ke marmashewa a hannu, kuma halinsa da ruwa bai bambanta sosai da na yashi ba. Abubuwa da yawa suna haɗuwa a wuri ɗaya. Ƙasar da aka fitar ana tara ta a bakin ramin don sauƙi, ta zama ƙarin kaya a daidai inda ba a so. Ramuka suna kusa da juna, bangon da ke tsakaninsu siriri. Ruwan sama yana taruwa a tsofaffin ramukan da aka bari, yana ratsowa zuwa sababbi. Sai a kawo injin ban ruwa a zuƙe wanda ya taru a ramin da ake aiki, wato a yi da hannu abin da gulbi ke yi in ya janye: waje ba ruwa, cikin bango cike. A kan wannan kuma ga girgizar injin, ga bugun guduma. A watan Yuni na 2024 an ga irin wannan masifa a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a jihar Neja, inda ramin ma'adinai ya rufta da mutane bayan ruwan sama mai ƙarfi.

Girgiza tana da nata bayanin. Je bakin gulbi inda rairayi ya jiƙe sharkaf, ka yi ta buga ƙafa a wuri ɗaya. Wurin da ya ɗauke ka da farko zai koma kamar kunu, ƙafarka ta nutse. Ƙwayoyin da ke zaune sako-sako sun so su matsu, ruwan da ke tsakaninsu bai samu hanyar fita da sauri ba, sai nauyin duka ya koma kansa na ɗan lokaci, matsin ƙwaya da ƙwaya ya zama babu. Ƙasar da ta kai wannan hali ba ta gangarowa a hankali, malala take yi. A garin Aberfan na yankin Wales a Birtaniya, ranar 21 ga Oktoba 1966, tsibin tarkacen da aka fitar daga mahaƙar kwal, wanda aka tara a kan idanun ruwa, ya sha ruwan sama ya malalo kan makarantar firamare. Mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara. A Freetown ta Saliyo, ranar 14 ga Agusta 2017, gefen tsauni ya zaftaro bayan kwanaki ana ruwa, mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace. Ba mu da tsaunuka irin nasu, amma tsibin ƙasar da ke bakin raminmu da nasu doka ɗaya suke bi.

Magina ma suna cin karo da wannan kullum. Yashi mai ɗan danshi yana kumbura, domin zobban ruwa suna hana ƙwayoyi zama da kyau, har yawansa ya ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Birkilan da ya ƙware ya san kwanon yashi mai laima bai kai kwanon busasshe ba. In aka cike ɗaki ko gefen kwalbati da irinsa ba a daddaɓe ba, zai zauna kamar lafiya har ranar da ruwa ya shige shi, zobban su narke, ya zube ciki, daɓe ya tsage, gefen titi ya lotsa. Tun 1933 injiniya Ralph Proctor a Amurka ya tsara gwajin gano danshin da ƙasa ta fi daddaɓuwa a kai, shi ya sa kake ganin tankar ruwa tana gaba, motar daɓe tana biye, ana yi shimfiɗa bayan shimfiɗa.

Me za a yi? Amsar injiniyoyi mai sauƙin faɗi ce: kada a saka ƙarfin danshi a cikin lissafi ko kaɗan, a ɗauka babu shi. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta ce ramin da ya kai ƙafa 5, kamar mita 1 da rabi, dole a tokare bangonsa ko a kwantar da shi, kuma a ƙasa mai yashi kwantarwar ita ce mita 1 da rabi a kwance ga kowace mita 1 ta zurfi. Gangaren tsibin gero ke nan, ba ƙari. Ta ce ƙasar da aka fitar a ja da ita baya aƙalla ƙafa 2 daga baki, kuma wanda ya san aikin ya sake duba ramin bayan kowane ruwan sama kafin kowa ya shiga. Tsofaffin mahaƙan rijiya na wajenmu sun kai ga wannan ta hanyarsu: a ƙasa mai rairayi ba sa yin nisa ba tare da sun ɗaure jikin rijiyar ba, yanzu kuma ana jera zobban kankare ana sauke su yayin da ake haƙa. A wurin ɗibar ƙasa, a ci tudu daga sama zuwa ƙasa, hawa-hawa, kada a shiga ƙarƙashinsa. A yi wa ruwan sama hanya ya kauce wa bakin rami.

Na san abin da ke hana bin wannan. Kwantar da bango haƙa ce da ba a biya, mai tifa lodi yake ƙirgawa, mahaƙin zinare kuma yana tseren kada wani ya riga shi. Katakon tokara kuɗi ne. Talauci ne ke tura mutum ƙarƙashin rumfar ƙasa, ban musa ba. Amma wani kaso na abin rashin sani ne zalla, shi kuwa yana da magani mai araha. Sanarwar hana haƙa da ake fitarwa bayan kowace masifa ba ta koya wa kowa yadda bango ke faɗuwa, mako biyu a koma. Da shugabannin masu tifa, da iyayen gidan ramuka, da malaman tsangaya, da masu unguwanni za a zauna da su da bokiti da yashi da buta a nuna musu abin da idonsu, da an rage. Yara kuwa, a ganina, bai kamata a aike su ɗibar ƙasa a ramin da ya wuce ƙugunsu ba, ko da rani ko da damina.

In abin ya riga ya faru, a tuna da buhu 32 ɗin nan. Wanda ƙasa ta rufe zuwa ƙirji, ko kansa yana waje, duk numfashin da ya fitar ƙasar tana matsowa ta cike wurin, ya kasa jawo wani. Mintuna ne kawai. A fara buɗe fuska da ƙirji, da hannu in an kusa jikinsa, kada a ja shi da igiya ko mota. Bangon da ya faɗi kuma ya bar na kusa da shi ba madogara, jama'a suna taruwa a baki suna ƙara masa nauyi, shi ya sa sau da yawa faɗuwa ta biyu ke cinye masu ceto. A mayar da 'yan kallo baya, a kashe injuna, a sa mutum ɗaya ya tsaya ba abin da yake yi sai kallon bango.

Alamun da zai duba su ne tsaga a sama mai bin tsawon bakin rami, yashi mai tsiyaya, ƙananan ɓaraguzai masu faɗowa, gindin bango da ya yi ciki ya kumburo, da naso ko ruwa mai laka. Ya kuma san cewa ruwan sama ba ya gama aikinsa ranar da ya sauka. Yana ɗaukar sa'o'i, wani lokaci kwanaki, kafin ya ratsa ya kai shimfiɗar da zai taru a kai, matsinsa a can ciki yana iya kai ƙololuwa bayan gari ya washe. Saman ƙasa ya bushe, rana ta fito bayan kwana uku ana marka, an gaji da zaman gida, abinci ya ƙare, kowa ya ɗauki shebur da diga ya nufi rami. A wannan safiyar ruwan na shekaranjiya yana iya kasancewa bai daɗe da isa gindin bangon ba.